Me ya sa labaran kisa da bincike ke hana mai karatu barci?

A watan Disambar 1893, mujallar Strand da ake bugawa a Landan ta fito da wani labari wanda a cikinsa Arthur Conan Doyle ya kashe Sherlock Holmes, gwanin binciken da shi da kansa ya ƙirƙira shekara shida kafin nan. Ya sa shi ya faɗa cikin kwazazzabon ruwan Reichenbach da ke ƙasar Suwizalan, rungume da babban abokin gabarsa, Farfesa Moriarty. Doyle ya gaji da Holmes ne, yana son ya mayar da hankali ga rubuta labaran tarihi waɗanda yake ganin sun fi daraja. Masu karatu kuwa suka ce ba su san zancen ba. Wasiƙun ƙorafi suka yi ta zuwa, har dai marubucin ya sassauta: a 1901 ya fito da The Hound of the Baskervilles, a 1903 kuma ya dawo da Holmes da ransa, ya ƙaga dalilin da ya sa bai mutu ba.

Mutumin da mutane suka yi wa wannan makoki bai taɓa rayuwa ba, kuma aikinsa kullum shi ne shiga ɗakin da aka yi kisa ko sata. To mene ne a cikin irin waɗannan labarai da ke sa mutum mai hankali, wanda ba ya son ganin jini, ya raba dare yana cewa bari ya ƙara babi ɗaya? Wannan tambaya tana da amsa, kuma amsar ta shafi yadda muke kallon hukuma, da shari'a, da labaran da muke karantawa kullum a wayoyinmu.

Iri biyu ne, ko da yake sukan cakuɗe

Akwai labarin warware sirri, akwai kuma labarin zullumi. A na farko, ɓarnar ta riga ta auku kafin a buɗe littafin ko a shafukansa na farko. An tsinci gawa, ko wata takarda ta ɓace, sai mai bincike ya bi sawu a baya-baya har ya gano wanda ya aikata. Masanin adabi Tzvetan Todorov ya bayyana a 1966 cewa irin wannan littafi labari biyu ne a haɗe: labarin laifin, wanda yake a ɓoye, da labarin binciken, wanda aikinsa shi ne tono na farkon. Tambayar da ke jan mai karatu a nan ita ce: wa ya aikata, kuma ta yaya?

A labarin zullumi kuwa ɓarnar tana gaba, ba ta auku ba tukuna. Sau da yawa mai karatu ya san mugun tun daga farko, ya san abin da yake ƙullawa, abin da bai sani ba shi ne ko za a tare shi kafin lokaci ya ƙure. Mai shirya fim Alfred Hitchcock ya taɓa fayyace wannan da misalin bam a ƙarƙashin tebur. Idan mutum biyu na hira sai bam ya tashi ba zato, mai kallo zai razana na ɗan lokaci kaɗan. Idan kuwa an nuna masa bam ɗin tun farko, an kuma nuna masa agogo, to duk wata kalma ta hirar banza da suke yi za ta zame masa abin fargaba.

Littafin Frederick Forsyth na 1971, The Day of the Jackal, ya tabbatar da haka. Labarin wani maharbi ne da aka yi haya domin ya kashe shugaban Faransa Charles de Gaulle a 1963. Duk wanda ya sayi littafin ya san de Gaulle bai mutu ta hannun maharbi ba, domin a gidansa ya rasu a 1970. Duk da haka mutane suka kasa ajiye shi, saboda abin da suke bi shi ne yadda maharbin ya samu fasfo na jabu, yadda aka ƙera masa bindiga, da yadda ɗan sandan da ke farautarsa yake biye da shi taku ɗaya a baya.

Daga Bagadaza zuwa Landan

Sha'awar gano mai laifi ta girmi littafin zamani. A cikin Dare Dubu da Ɗaya akwai labarin tuffa uku, inda wani masunci ya jawo akwati daga kogin Dijla, aka buɗe a gaban Halifa Haruna Rashid aka tarar da gawar wata mata. Halifa ya bai wa wazirinsa Ja'afar kwana uku ya kawo wanda ya kashe ta, ko shi a rataye shi. Duk kayan haɗin suna nan: gawa, wa'adi, da mutum biyu da kowannensu ke cewa shi ya yi kisan. Abin da babu shi ne bincike, domin Ja'afar gida ya koma ya zauna, ikirari da katari ne suka fitar da shi.

Mai bincike da ke aiki da hujja ya shigo adabi ne a lokacin da ya shigo rayuwar birane. An kafa rundunar 'yan sandan Landan a 1829, aka buɗe mata sashen 'yan sandan ciki a 1842. Shekara ɗaya kafin nan, a 1841, Ba'amurke Edgar Allan Poe ya buga The Murders in the Rue Morgue, wanda galibin masana ke ɗauka a matsayin labarin bincike na farko a sigar da muka sani: kisa a ɗakin da ke kulle ta ciki, 'yan sanda sun rasa bakin zaren, sai wani mutum mai suna Dupin ya warware da tunani kawai. Doyle, wanda likita ne, ya ɗora a kan wannan tubali. Ya ɗauko halin Holmes daga malaminsa a makarantar likitanci ta Edinbara, Dakta Joseph Bell, wanda kan dubi majiyyaci ya faɗi sana'arsa da inda ya fito tun kafin ya buɗe baki.

Wato wannan adabi ɗan zamanin da aka fara yarda cewa gaskiyar laifi ana gano ta ne ta hanyar sawun ƙafa, da tokar taba, da saɓanin maganar shaidu, maimakon duka ko rantsuwa ko zargin maƙwabta. Wannan tunani ne mai karatu yake sha tare da labarin, ko ya lura ko bai lura ba.

Wasa ne mai ƙa'ida

Daɗi na farko da ake samu shi ne na kacici-kacici. Masanin halayyar ɗan Adam George Loewenstein ya yi bayani a 1994 cewa son sani yakan taso ne idan mutum ya ga giɓi tsakanin abin da ya sani da abin da yake son sani, kuma ƙaiƙayin yakan tsananta idan giɓin ya kusa cikewa. Wanda bai san komai ba game da wani al'amari ba ya damuwa da shi. Wanda aka ba shi kashi tara cikin goma shi ne ba ya iya barci. Marubucin labarin bincike ya san wannan sarai, shi ya sa yake ba da bayani kaɗan-kaɗan, yana rufe kowane babi da sabuwar tambaya.

Sai dai wasan yana da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne adalci ga mai karatu. A ƙarshen shekarun 1920 wani limamin Katolika kuma marubuci a Ingila, Ronald Knox, ya tsara dokoki goma na wannan fanni. Daga cikinsu akwai cewa dole mai laifin ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari, ba a yarda aljani ko tsafi ya warware matsala ba, kuma duk alamar da mai bincike ya gani sai an nuna wa mai karatu ita. Saboda haka idan aka kai shafin ƙarshe aka bayyana mai laifi, abin da mai karatu ke ji ya haɗa mamaki da ɗan jin kunya: ashe an nuna masa komai, shi ne bai duba ba.

Babu wanda ya ƙware a wannan wasa kamar Agatha Christie, wadda ta rubuta littattafan bincike 66, tun daga The Mysterious Affair at Styles na 1920. Ta yi aiki a ɗakin haɗa magunguna na asibiti a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya sa guba ta yi yawa a labaranta, kuma bayaninta a kai daidai yake. Dabararta ita ce ta yi amfani da son zuciyar mai karatu a kansa. Ta san muna saurin zargin baƙo, da bara, da mai mummunar fuska, muna kuma kawar da ido daga mai kwarjini da wanda ya iya magana. A duk lokacin da ta kayar da mai karatu, da abin da ya ɗauka tabbas ne ta kayar da shi. Lokacin da ta kashe nata gwanin, Hercule Poirot, a 1975, jaridar New York Times ta buga ta'aziyyarsa a shafin farko.

Wani abin lura shi ne sanin ƙarshen labari ba lallai ya kashe daɗinsa ba. Wani gwaji da Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld suka wallafa a 2011 a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego ya nuna cewa waɗanda aka faɗa wa ƙarshen gajerun labarai, har da na bincike, ba su rage jin daɗinsu ba. Shi ya sa masu son Christie kan sake karanta littafin da suka san mai laifinsa, wannan karon domin su ga inda aka zille musu.

Tsoro daga kan katifa

Daɗi na biyu na jiki ne. Zuciya takan buga, numfashi ya ɗauke, alhali mutum yana kwance a ɗakinsa, ƙofa a kulle. Tsoro ne wanda linzaminsa ke hannun mai jin sa, domin yana iya rufe littafin a duk lokacin da ya ga dama. Wanda ya taɓa jin harbi a unguwarsu ya san cewa tsoron gaske ba shi da shafin ƙarshe, ba shi da ma'ana, kuma ba ya neman izini. Na littafi kuwa an yi masa iyaka, an yi masa dalili. Wannan ne ya sa ake samun mutanen da ke zaune cikin rashin tsaro suna karanta irin waɗannan labarai ba tare da sun ga wani saɓani a ciki ba.

Daɗi na uku shi ne ya fi zurfi. A littafin bincike na gargajiya, ran mutum ɗaya yana da nauyin da za a tsayar da komai dominsa. Wani zai hana kansa barci, ya bi shaidu ɗaya bayan ɗaya, ya ƙi karɓar amsa mai sauƙi, har sai an kira mai laifi da sunansa. Bahaushe ya ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Littafin bincike alkawari ne cewa wannan rana ɗaya za ta zo kafin a rufe bango.

Lokacin da mai laifi ya fi ƙarfin doka

Ba duka marubuta ne suka yarda da wannan alkawari ba. Dashiell Hammett ya yi aiki da kamfanin bincike na Pinkerton a Amurka, kamfanin da masu masana'antu kan yi haya domin murƙushe yajin aiki. A littafinsa Red Harvest na 1929, gari ne sukutum ya ruɓe: mai ma'adinai, da shugaban 'yan sanda, da 'yan daba duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Daga nan tambayar ta sauya. Gano wanda ya harba bindiga ya zama ƙaramin aiki, babban aikin shi ne gano wanda ya biya, da wanda ya rufe maganar.

A Italiya, Leonardo Sciascia ya buga Il giorno della civetta a 1961, lokacin da manyan 'yan siyasa ke musanta cewa akwai wata ƙungiya mai suna Mafiya. A labarin, wani kyaftin ɗin 'yan sanda ya binciki kisan wani ɗan kwangila a tsibirin Sisili, ya gano gaskiya, ya haɗa hujjoji, sannan ya ga yadda manya daga Rum suka warware masa aikin cikin ruwan sanyi. A Siwidin, Maj Sjöwall da Per Wahlöö sun rubuta littattafai goma tsakanin 1965 da 1975 game da ɗan sanda Martin Beck, da niyyar nuna tsatsar da ke ƙarƙashin ƙasar da duniya ke yabo. John le Carré, wanda ya yi aiki da hukumomin leƙen asirin Birtaniya, ya nuna a The Spy Who Came in from the Cold na 1963 cewa ɓangaren da ke kiran kansa na kirki yana iya sayar da nasa mutumin idan lissafi ya buƙaci haka.

Ba abin mamaki ba ne da 'yan jarida suka yi yawa a wannan fage. Forsyth wakilin Reuters ne da BBC, ya kuma yi rahoton yaƙin basasar Najeriya daga ɓangaren Biyafara kafin ya koma ƙagaggen labari. Stieg Larsson, wanda ya rasu a 2004 kafin a buga littattafansa uku da suka karaɗe duniya, editan mujallar Expo ne mai bin diddigin ƙungiyoyin wariyar launin fata, kuma gwarzon labaransa ɗan jarida ne. Ƙagaggen labari yakan ba marubuci damar faɗin abin da ya sani amma ba shi da takardar da zai kare kansa da ita a kotu.

Namu na gida

Masu karatu a Najeriya sun daɗe da sanin wannan daɗi. Waɗanda suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 suna tuna yadda littattafan James Hadley Chase ke yawo daga hannu zuwa hannu har bangonsu ya yage, da jerin Pacesetters da kamfanin Macmillan ya fara fitarwa a 1977, wanda marubutan Afirka suka cika da 'yan fasa-ƙwauri da jami'an asiri a biranen da mai karatu ya sani. Da Yarabanci, Oladejo Okediji ya ƙirƙiri Lapade, tsohon ɗan sandan da ke bin miyagu ta hanyarsa. Da Sawahili, Muhammed Said Abdulla na Zanzibar ya ƙirƙiri Bwana Msa tun 1960.

Da Hausa ma an taɓa wannan fage da ƙarfi. A 1982 aka buga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya tunkari fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya shiga duniyar manyan 'yan ta'adda a bayan yaƙin basasa. A 'yan shekarun nan kuma, Femi Kayode ya gina Lightseekers na 2021 a kan abin da ya yi kama da kisan gillar da taron jama'a suka yi wa ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a Aluu a 2012. Tambayar littafin ta wuce wa ya yi kisan, tunda an ɗauki hoton bidiyo, ta koma me ya sa gari guda ya tsaya yana kallo.

Abin da mai karatu ke fita da shi, da inda ya kamata ya yi hattara

Wanda ya saba da waɗannan littattafai yakan koyi wasu tambayoyi da ba sa barinsa. Wa ya amfana? Wa ya ce ya gani da idonsa, wa kuma ya ji a bakin wani? Me ya sa wannan bayani ya fito yau, bai fito jiya ba? Me ya kamata a ce ya faru amma bai faru ba? Waɗannan su ne tambayoyin da ake buƙata a gaban sanarwar gwamnati, da rahoton kwamitin bincike, da hoton da aka turo a WhatsApp. Doyle da kansa ya gwada su a zahiri. Ya bi shari'ar George Edalji, wani lauya ɗan asalin Indiya da aka ɗaure bisa zargin yanka dabbobi, ya nuna raunin hujjojin, aka yi masa afuwa a 1907. Wannan shari'a tana cikin abubuwan da suka sa aka kafa kotun ɗaukaka ƙarar manyan laifuka a Ingila a wannan shekarar.

Sai dai akwai tarko. A cikin littafi, duk abin da aka ambata yana da dalili, domin marubuci ne ya ajiye shi a wurin. A rayuwa kuwa akwai katari, akwai sakaci, akwai wauta tsagwaronta wadda babu wani mai ƙulla ta. Wanda ya ɗauki ƙa'idar littafi ya shiga da ita Facebook zai riƙa ganin makirci a duk inda abu biyu suka yi daidai, ya haɗa hoton wani da sunan wani ya yanke hukunci kafin la'asar. Biri yakan yi kama da mutum, amma kama ba hujja ba ce, kuma a ƙasar da zargi kaɗai ke iya tara wa mutum jama'a da duwatsu, wannan kuskure yana cin rai. Mai binciken kirki a littafi ana gane shi ne da haƙurinsa: yakan zargi amsar da ta zo da sauƙi, yakan kuma saki ra'ayinsa idan hujja ta ƙaryata shi.

Akwai kuma bambancin da ya fi ciwo. A ranar 19 ga Oktoban 1986 wani ƙunshin saƙo mai bam ya kashe Dele Giwa, babban editan mujallar Newswatch, a gidansa da ke Ikeja. A ranar 23 ga Disambar 2001 aka harbe Bola Ige a gidansa da ke Ibadan, yana riƙe da muƙamin ministan shari'a na ƙasa. Har yau babu wanda kotu ta samu da laifin ko ɗaya daga cikin kashe-kashen biyu. Da a littafi ne, mai karatu zai ce an yage babin ƙarshe, ya koma wurin mai sayarwa ya nemi kuɗinsa.

Wataƙila a nan ne amfanin wannan karatu ya fi fitowa ga matashin da ya damu da yadda ake mulkinsa. Wanda ya saba ganin an bi jinin mutum ɗaya har an gano wanda ya zubar da shi, zai yi wuya ya gamsu da jin cewa ana kan bincike shekara da shekaru. Ga wanda bai taɓa gwadawa ba, And Then There Were None na Christie ko gajerun labaran Holmes sun isa mafari, kuma Turanci mai sauƙi ne. Wanda ya fi son siyasa tsantsa ya nemi Sciascia ko le Carré. Wanda kuma ya ci karo da tsohon kwafin Turmin Danya a wurin masu sayar da littattafai, kada ya bari ya wuce shi. Shawara ɗaya dai ita ce kada a fara da daddare idan akwai aiki da safe.